Duniya a Bayan Garin Balin: Finafinan Kasada na Jamus Marasa Magana da Kasuwar da Ta Ciyar da Su

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi finafinan kasada da Jamusawa suka yi tun fim bai fara magana ba, musamman waɗanda suka fito daga 1919 zuwa 1922, wato daidai lokacin da aka raba Jamus da ƙasashen da take yi wa mulkin mallaka. An saba fassara su da cewa mafarki ne na al'ummar da yaƙi ya kulle a gida. Maƙalar ba ta musa wannan ba, sai dai ta bi sawun kayan aikin: wa ya kawo namun dajin, wa ya kawo gumaka da garkuwoyi, kuma su wane ne baƙaƙen fatar da ake gani cike da fage. Amsar tana kai mu ga wata tsohuwar kasuwa ta birnin Hamburg, da arewacin Togo, da 'yan Kamaru da suka maƙale a Jamus bayan yaƙi.

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya karanci tarihin fim, in aka ambaci Jamus kafin 1930, sunaye uku ne kan zo masa: Das Cabinet des Dr. Caligari na 1920, da Nosferatu na 1922, da Metropolis na 1927. Littattafai biyu ne suka kafa wannan fahimta, na Siegfried Kracauer da ya fito a 1947 da na Lotte Eisner da ya fito a 1952. Dukansu sun fi mayar da hankali kan finafinan duhu da inuwa da taɓin hankali. Amma ma'aikacin masana'anta a Balin da ya karɓi albashinsa ranar Asabar ba waɗannan ya fi zuwa kallo ba. Abin da ke cika gidajen silima shi ne labarin ɗan sandan ciki, da tsalle daga kan jirgin ƙasa, da neman dukiyar da aka binne a wata ƙasa mai nisa, da mace a hannun 'yan fashi ana gudun ceto ta.

Kracauer bai tsallake waɗannan finafinai gaba ɗaya ba. Ya kwatanta su da mafarkin ɗan kurkuku, kurkukun kuwa ita ce Jamus da yaƙi ya yanke ta daga sauran duniya. Fassara ce mai kyau, kuma ta daɗe tana ci. Abin da zan ƙara shi ne, mafarkin nan yana da 'yan kwangila. Akwai wanda ya ba da hayar zaki, akwai wanda ya ba da hayar gunki, akwai kuma wanda yunwa ta sa ya ba da hayar fatar jikinsa.

Yadda fagen ya samu

Tarihin farko ba sai na daɗe a kansa ba. A ranar 1 ga Nuwamba 1895 Max da Emil Skladanowsky suka nuna hotuna masu motsi a gidan wasa na Wintergarten a Balin. Kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, finafinan Faransa da Denmark da Italiya da Amurka ne suka mamaye kasuwar Jamus. Daga 1914 Joe May, ɗan asalin Viyana, ya fara jerin finafinan ɗan sandan ciki mai suna Stuart Webbs tare da Ernst Reicher. Da suka raba gari sai ya ƙirƙiro nasa, Joe Deebs. A lura da sunayen: jaruman Jamus ne, amma sunayen Ingilishi aka ba su, domin 'yan kallo sun riga sun yarda cewa irin wannan gwaninta daga ƙetare take zuwa. A gefe guda kuma ga Harry Piel, haifaffen Düsseldorf a 1892, wanda aka yi wa laƙabi da daraktan nakiya saboda yawan fasa gine-gine da gadoji a finafinansa. Daga 1919 ya shiga gaban kyamara da kansa, aka riƙa tallarsa a matsayin mutumin da ke kokawa da namun daji, yana rataye a jikin abin hawa ba tare da tsoro ba.

Abubuwa uku ne suka haɗu suka buɗe wa wannan sana'a hanya. A lokacin yaƙi an hana shigo da finafinan waje, hanin kuma bai sassauta ba sai bayan 1920, saboda haka masu shirya fim na gida suka samu kasuwa ba abokin gasa. A Disamba 1917 aka kafa babban kamfanin UFA da kuɗin gwamnati da na Deutsche Bank, bisa matsin Janar Ludendorff. Sannan darajar mak, kuɗin Jamus, ta shiga faɗuwa. Faɗuwar wani tashin wani: furodusa zai biya maƙera da magina da ɗaruruwan masu cika fage da kuɗin da kullum ke ƙara lalacewa, ya sayar da fim ɗin a waje ya karɓi dala ko faranka. Wannan ne ya sa ƙasar da ta sha kaye, mutanenta na layin burodi, ta iya gina biranen bogi masu girman da ya ba Turai mamaki.

A ranar 28 ga Yuni 1919 aka sa hannu a yarjejeniyar Versailles, wadda sashe na 119 nata ya raba Jamus da Togo da Kamaru da Afirka ta Kudu maso Yamma da Afirka ta Gabas da yankunanta na tekun Pasifik. Watanni kaɗan bayan haka manyan finafinan da nake magana a kansu suka fara fitowa.

Woltersdorf da Stellingen

A gabashin Balin akwai wani ƙauye mai yashi da tafkuna da ake kira Woltersdorf. A nan Joe May ya samu fili ya kafa garinsa na fim, ya ɗauki Die Herrin der Welt, wato Uwargijiyar Duniya, fim mai dogon zango kashi takwas, kowane kashi da tsawon cikakken fim. An fara nuna shi a Disamba 1919, sauran kashin suka biyo baya ɗaya bayan ɗaya har cikin 1920. A nan Jamusawa suka bambanta da Amurkawa, waɗanda nasu finafinan masu dogon zango, irin na Pearl White, gajerun kashi ne da ake nunawa kafin babban fim.

Labarin, wanda aka ɗauko daga ƙagaggen littafin Karl Figdor, na wata mata ce 'yar Denmark, Maud Gregaards, kuma matar daraktan, Mia May, ita ta hau rawar. Wani Baron Murphy ya yi sanadin mutuwar mahaifinta da wulaƙancinta, sai ta ƙudiri ramuwa, ramuwa kuwa sai da kuɗi. Ta nufi ƙasar Sin neman wani malamin Yahudawa da ke riƙe da sirrin dukiyar Sarauniya Bilkisu. A Canton aka sace ta, wani likita Basine mai suna Kien-Lung da wani jakada Madsen suka kuɓutar da ita. Daga nan sai Afirka, ƙasar wani Sarki Makombe, sai ɓoyayyen birnin Ophir inda dukiyar take. Ta dawo hamshaƙiyar mai kuɗi, ta zuba dukiyarta a wata na'ura da za ta narkar da makaman duniya don a daina yaƙi. Duba wannan buri da kyau: a shekarar da aka ƙwace wa Jamus makamai, fim ɗinta na mafarkin na'urar da za ta ƙwace na kowa, kuma da zinariyar Afirka za a biya kuɗinta.

Canton ɗin nan da Afirkar nan da Ophir duk a yashin Woltersdorf suke. Martin Jacoby-Boy ne ya jagoranci zana gine-ginen. Shi da Otto Hunte suka sake gina wa May wata ƙasar a 1921, wato Indiyar fim ɗin Das indische Grabmal, Hubbaren Indiya, mai kashi biyu, wanda Thea von Harbou da Fritz Lang suka rubuta daga littafin von Harbou. Sarkin wata ƙasa da aka ƙirƙira, Eschnapur, ya tayar da wani mai zuhudu na addinin Hindu daga ramin da ya binne kansa, ya aike shi Turai ya ɗauko masa mai zanen gini Herbert Rowland. Aikin shi ne gina hubbare ga matar sarkin. Sai da Rowland ya iso ya gane matar tana da rai, laifinta kawai son wani hafsan Ingila. Conrad Veidt ne sarkin, Bernhard Goetzke ne mai zuhudun, Erna Morena ce gimbiyar. Ba Ba'indiye ko ɗaya a manyan rawar, shafe-shafe ne da rawani. Mu da muka tashi da kallon finafinan Indiya na gaske, wannan Indiya ta Jamus takan ba mu dariya, duk da cewa wasan Veidt, da yadda yake magana da ido kawai, abu ne da har yau ya cancanci a koyar da shi.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. A Hamburg take, a unguwar Stellingen. Carl Hagenbeck ɗan kasuwar namun daji ne da ke sayar wa gidajen zu da masu wasan dabbobi na Turai da Amurka. Tun tsakiyar shekarun 1870 ya haɗa da baje kolin mutane: a kwaso jama'a daga Lapland ko Sudan ko Silon ko ƙasar Somaliya, da bukkokinsu da dabbobinsu, Turawa su biya kuɗi su kalle su suna girki da rawa. A 1907 ya buɗe katafaren gidan namun daji a Stellingen, mai duwatsun siminti da ramuka a maimakon keji, yadda mai kallo zai ji kamar a dawa yake. 'Yar uwarsa kuma ta auri J. F. G. Umlauff, mai kamfanin da ke sayar wa gidajen adana kayan tarihi da gumaka da makamai da tufafin al'ummomin ƙetare. Ɗansu Heinrich Umlauff ne ya gaji sana'ar.

Yaƙi ya karya wannan kasuwa. Jiragen ruwa sun daina zuwa, dabbobi da yawa sun mutu da yunwa, gidajen tarihi ba su da kuɗin saye. Kaya na jibge a rumbu ba mai nema, sai ga masu fim. A 1919 Fritz Lang ya ɗauki Die Spinnen, wato Gizo-gizai, a filin Hagenbeck, wa kamfanin Decla na Erich Pommer, kuma Heinrich Umlauff ne ya ƙawata fagen da kayan rumbunsa. Kashi na farko, Tafkin Zinariya, ya fito a Oktoba 1919: wani attajirin San Francisco, Kay Hoog, wanda Carl de Vogt ya fito a matsayinsa, ya tsinci wasiƙa cikin kwalba a teku, ya bi ta har Peru inda jikokin mutanen Inka ke ɓoye da zinariyarsu, ƙungiyar asiri ta Gizo-gizai ƙarƙashin wata mata Lio Sha na biye da shi. Kashi na biyu, na 1920, ya koma kan wani lu'ulu'u mai siffar kan Buddha da aka danganta makomar mulkin Asiya da shi. An tsara kashi huɗu, biyu aka yi. A wannan fili dai Lang ya ɗauki Harakiri, nan take Peru ta koma Japan.

Ɗan uban Carl, John Hagenbeck, bai tsaya ba da haya ba, kamfanin fim ya buɗe da kansa a Balin, yana fitar da finafinan zakuna da damisa irin su Allein im Urwald na 1922. Saboda haka idan tallar fim ta wancan zamani ta yi alfahari da cewa kayan da ke ciki na ainihi ne, ba ƙarya ta yi ba. Garkuwar ta ainihi ce, an kawo ta daga wani gari mai suna da sarki da tarihi. Ƙaryar tana wajen haɗin: mashin wannan ƙasa, gangar waccan, abin rufe fuska na wata nahiya dabam, duk a kai wa sarki ɗaya da ba a taɓa yi ba. Ga ɗan kallo gani ya kori ji, kuma sahihancin kayan ne ya sa ya gaskata labarin.

Ko marubucin da ya fi kowa shuka wannan ɗabi'a a zukatan Jamusawa, Karl May, ya rubuta labaransa na ƙasashen Larabawa da Kurdawa tun bai taka can ba. Sai a 1899 ya yi tafiyar. A 1920 kamfanin Ustad ya mayar da uku daga labaran fim, de Vogt ya fito a matsayin jaruminsu Kara Ben Nemsi. Dukansu sun ɓata.

Wanda ya je Togo da kyamara

Za a iya cewa laifin na rashin tafiya ne, da sun je da sun ga gaskiya. Labarin Hans Schomburgk ya rushe wannan zato. Maharbi ne kuma matafiyi, shi ne ya kamo wa Hagenbeck ƙananan dorinar Laberiya a 1912. A 1913 ya tafi Togo, tana hannun Jamus a lokacin, da mai ɗaukar hoto Ba'ingile James Hodgson da wata budurwa 'yar Hamburg, Meg Gehrts, don su ɗauki finafinan kasada a ainihin Afirka. Sun zauna a Kamina, inda Jamusawa ke gina babbar tashar waya maras igiya, sannan suka nausa arewa ta Sokode har Mango. Gehrts ta ba da labarin tafiyar a littafin da ta fitar a Landan a 1915.

Wannan yanki ba baƙo ba ne ga mai nazarin tarihin Hausa. Mango tsohon zango ne a hanyar fataken goro da ke tafiya Gwanja. A Kete-Krachi, cikin wannan Togo ta Jamus, Alhaji Umaru, haifaffen Kano, yake zaune yana koyarwa, yana rubuta waƙoƙi da tarihi, kuma shi ya rubuta wa jami'in Jamus Adam Mischlich bayanai masu yawa da Hausa. Mischlich ɗin ya fitar da ƙamus na Hausa a 1906. Ƙasa ce ta kasuwanni da malamai da maƙera da mahaya dawaki. Kyamarar Hodgson ta ga wannan, domin fim ɗin gaskiya da aka haɗa daga hotunan tafiyar, Im deutschen Sudan na 1917, ya nuna kaɗi da saƙa da narkar da tama da hada-hadar kasuwa.

To me Schomburgk ya yi da wannan wuri a fim ɗinsa na labari? Die weiße Göttin der Wangora, Farar Gunkiyar Wangora: jaririya Baturiya da teku ya jefo bayan jirgi ya nitse, baƙaƙe suka raine ta suna bauta mata, har wani maharbi Bature ya faɗo hannunsu ta cece shi suka gudu tare. Bayan yaƙi ya sake dafa wannan labari, ya cakuɗa tsofaffin hotunan Togo da sababbin da aka ɗauka a Jamus, ya fitar da shi a 1921 da sunan Eine Weiße unter Kannibalen, wato Baturiya a Cikin Masu Cin Naman Mutane. Mutum ɗaya, tafiya ɗaya, kyamara ɗaya. Ya ga masaƙa da idonsa, amma da aka zo sayar da tikiti sai ya kira su masu cin mutane. Ba jahilci ba ne, sanin abin da kasuwa ke so ne, kasuwar da baje kolin Hagenbeck ya shekara arba'in yana horarwa.

Masu cika fage

Jama'ar Sarki Makombe da ake gani a yashin Woltersdorf mutane ne masu sunaye. Da yawansu 'yan Kamaru da Togo da Afirka ta Gabas ne da suka zo Jamus kafin yaƙi, wasu karatu ko koyon sana'a, wasu aikin jirgin ruwa, wasu cikin tawagar baje koli. Bayan 1919 ƙasashensu suka koma hannun Faransa da Ingila, takardunsu na zama ƙarƙashin kariyar Jamus suka zama banza, komawa gida ta yi wuya, aikin yi kuma ya yi ƙaranci. Fim da gidajen rawa da wasan dabbobi na cikin 'yan ƙofofin da suka rage a buɗe.

Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Louis Brody, wanda sunansa na yanka M'bebe Mpessa, haifaffen Duwala a 1892. Tun 1915 ya fito a wani fim na Joe Deebs, ya fito a Die Herrin der Welt, ya fito a Der müde Tod na Lang a 1921. Rawar da ake ba shi ba ta wuce bawa, boka, dogari ko mai kisa. Amma wannan mutum na cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar taimakon juna ta 'yan Afirka a Hamburg a 1918, kuma a 1921, lokacin da jaridun Jamus ke yaƙin ɓatanci ga sojojin Afirka da Faransa ta girke a yankin kogin Rhine, ya fito a rubuce da sunan ƙungiyar yana kare baƙaƙen da ke zaune a Jamus, waɗanda aka fara tsangwama a titi. Da rana yana taka ɗan daji a gaban kyamara, da dare yana rubuta wa jarida koke da Jamusanci. Ni dai ban ga dalilin da za a zarge shi ba. Ya ci gaba da sana'ar fim har zamanin Nazi, ya fito a finafinan farfaganda irin su Ohm Krüger na 1941, ya rasu a Balin a 1951. Tobias Nagl, a littafinsa na 2009 kan launin fata a finafinan Jamus na kafin zamanin Nazi, da Robbie Aitken da Eve Rosenhaft a nasu na 2013, su ne suka fito da rayuwar irin waɗannan mutane fili.

Ƙarshen zango da abin da ya saura

Da hanyoyi suka buɗe wasu sun fita. Der Mann ohne Namen na Georg Jacoby, mai kashi shida, wanda ya fito a 1921, an ɗauke shi a ƙasashe da dama. Ellen Richter, wadda ke da kamfanin kanta tare da mijinta Willi Wolff, ta mayar da tafiye-tafiye jarinta, har ta yi Der Flug um den Erdball a 1925. A wannan shekara Franz Osten na Munich ya je Indiya ya ɗauki tarihin Buddha tare da Himansu Rai, da 'yan wasa Indiyawa. Wannan haɗin ne ya kai Osten kamfanin Bombay Talkies bayan an kafa shi a 1934, inda ya ba da umarnin Achhut Kanya a 1936. Ashe finafinan Indiya da suka zo suka mamaye silimomin Kano da Zinder suna da ɗan jinin Jamus.

A ƙarshen 1923, bayan dala ɗaya ta kai mak tiriliyan 4.2, aka canza kuɗi, darajarsa ta tsaya. Ribar fitar da fim da arha ta ƙare, finafinan Amurka suka kwararo, UFA ta ci bashin Paramount da MGM a 1925, Alfred Hugenberg ya saye ta a 1927. Fim mai kashi shida ko takwas ya daina biyan kansa. Da Nazi suka hau mulki a 1933, Joe May da Ellen Richter, dukansu Yahudawa, aka rufe musu ƙofar sana'a a Jamus. May ya ƙare a Hollywood yana yin ƙananan finafinai, ya rasu a 1954. Harry Piel kuwa ya yanki katin jam'iyya.

Mafi yawan finafinan sun salwanta, domin faifan wancan zamani na saurin kama wuta da ruɓewa, wasu kuma bama-baman yaƙi na biyu suka cinye su. Die Spinnen ma an daɗe ana zaton ya ɓata, sai a shekarun 1970 David Shepard ya haɗa shi. Inda fim ya ɓata, abin da kan rage shi ne katin hukumar tace finafinai da aka kafa da dokar Mayu 1920, wanda ke ɗauke da duk rubutun da ake sakawa tsakanin hotuna, sai kuma sharhin jaridun sana'ar irin su Film-Kurier da Der Kinematograph. Waɗannan takardu na faɗin sunan darakta da na tauraro, wani lokaci har da wanda ya ba da hayar dabbobi. Masu cika fage ba kasafai suke samun layi ba.

Shi ya sa nake ganin Im deutschen Sudan, wanda ya tsira, aiki ne da ke jiran manazartanmu. Masu nazari a Turai sun karanta shi a matsayin farfagandar mulkin mallaka, kuma haka yake. Amma wanda ya san ɗinkin riga da naɗin rawani, ya san sirdi da linzami, ya san yadda ake kasa kaya a kasuwar zango, zai iya tsayar da hoton ya bambance baƙon fatake da ɗan gari, ya faɗi daga wace hanya kayan da ke gabansu suka fito. Mutanen Mango da Sokode da jikokin fataken da suka zauna a can suna nan da ransu, kuma kwafin fim ɗin bai fi ƙarfin a kai musu su kalla ba.